Zaɓen Taswira da Saurin Zamani a Wasan Civilization

A 1991, shekarar da Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa, Sid Meier ya fito da wasan kwamfuta na kafa daula, Civilization. Kafin a aza tubali, ɗan wasa kan zaɓi taswira da saurin zamani. A kashi na shida, matsakaicin wasa zagaye 500 ne, mafi tsawo 1,500, inda runduna kan isa fagen fama kafin makamanta su zama tsohon yayi.

Kashi na bakwai, na 2025, ya kawo Sarauniya Amina ta Zazzau, wadda dakarunta ke ƙara ƙarfi a sarari da hamada. Zaɓa mata tsibirai ɓarna ce. Irin wannan lissafin tsaro ne ya zaunar da Garu, tsohon garin Dutse, tsakanin duwatsu.