DAGA LIFIDI ZUWA RIGAR KEVLAR: ƘA'IDOJIN INGANCIN TUFAFIN KARE SOJA

1. Gabatarwa

Tun da ɗan Adam ya fara yaƙi yake neman abin da zai sa tsakanin jikinsa da makamin abokin gaba. Makamai sun yi ta sauyawa, daga kibiya zuwa harsashi da bam, tufafin kariya kuma suka yi ta bin su a baya. Wannan lacca za ta duba yadda aka faro, da irin zaren da ake saƙa waɗannan tufafi da shi a yau, sa'an nan ta tsaya a kan babbar tambaya, watau yadda ake tabbatar da cewa rigar da aka ba soja za ta yi aikin da aka saye ta dominsa. Maganar ta shafi ɗalibin kimiyya, ta kuma shafi ma'aikacin gwamnati mai rubuta takardar kwangila ko mai riƙe da makullin sito, domin sa hannunsa na iya zama sanadin ran wani.

2. Lifidi da sulke a ƙasar Hausa

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarkin Kano Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi sarauta daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da kwalkwali da sulke cikin kayan yaƙi. Sulke riga ce ta ƙananan zobban ƙarfe da aka sarƙafe da juna, tana da tsada ƙwarai, don haka sai manyan barade ke samunta. Lifidi kuwa aikin madunkan gida ne: ana ninka ƙyalle, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a ɗinke shi layi-layi, a lulluɓe doki da mahayinsa da shi. Kibiya in ta shiga, sai audugar ta shanye ƙarfinta kafin ta kai ga fata.

Amma lifidi yana da aibobinsa. Yana da nauyi da zafi, ɗan lifida in ya faɗo daga doki da ƙyar yake tashi, kuma kibiyar wuta na iya cinna masa gobara. Da Turawan Ingila suka ci Kano cikin Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato cikin Maris na wannan shekara, ta bayyana cewa auduga ba ta tare harsashin bindiga mai ruwa. Duk da haka, hikimar da ke cikin lifidi ba ta mutu ba. Ninka zare bisa zare domin a raba ƙarfin makami shi ne har yau tushen rigar kariya, kuma matsalolin nauyi da zafi da wuta su ne har yau masana ke fama da su.

3. Zamanin ƙarfe da zamanin zare

A Yaƙin Duniya na Farko, mafi yawan raunukan sojoji daga ɓarɓashin harsashin igwa suka zo. Wannan ya sa Faransa da Ingila suka ba sojojinsu hular kwano ta ƙarfe cikin 1915, Jamus ta biyo baya cikin 1916. A Yaƙin Duniya na Biyu an yi wa ma'aikatan jiragen saman yaƙi riguna masu faifan ƙarfe a ciki, sai dai nauyinsu ya sa ba su dace da sojan ƙasa ba. A yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, Amurka ta yi amfani da riguna na zaren nailan mai ninki da yawa, waɗanda ke tare ɓarɓashi amma ba su tare harsashi.

Babban sauyi ya zo cikin 1965, lokacin da wata masaniyar kimiyyar haɗa sinadarai, Stephanie Kwolek, ta kamfanin DuPont a Amurka, ta gano zaren da aka sa wa suna Kevlar, wanda ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1970. In aka auna nauyi da nauyi, ƙarfinsa ya ninka na baƙin ƙarfe wajen sau biyar. Daga baya aka sami Twaron, ɗan'uwansa, da kuma Dyneema, wanda kamfanin DSM na ƙasar Holan ya fitar, zare marar nauyi har yana yawo a kan ruwa. Domin maganin wuta kuwa akwai Nomex, wanda ya fito cikin shekarun 1960, ba ya narkewa, sai dai ya ƙone ya zama gawayi in zafi ya kai wajen digiri 370 a ma'aunin Salsiyas.

Yadda rigar zare ke aiki kamar yadda raga ke tare ƙwallo ne. Harsashi in ya buga, zaren da ya taɓa sai ya miƙe, ya raba ƙarfin ga zaren da ke kewaye da shi, ninki na farko ya miƙa wa na biyu, har harsashin ya baje ya tsaya. Wannan ya isa ga ƙaramar bindiga, wadda harsashinta ke gudun wajen mita 350 zuwa 450 a daƙiƙa. Harsashin AK-47 kuwa yana fita da gudun da ya haura mita 700 a daƙiƙa, rigar zare kaɗai ba ta tsayar da shi. Saboda haka ake sa faifan tangaran mai tsananin tauri a aljihun ƙirji da na baya, shi ya farfasa kan harsashin, zaren da ke bayansa ya kama gutsattsarin.

4. Mene ne ƙa'idar inganci?

Ƙa'idar inganci takarda ce wadda hukuma ke wallafawa, tana bayyana irin gwajin da kaya za su ci kafin a yarda da su: wane harsashi za a harba, da wane gudu, daga wane nisa, sau nawa, kuma wane sakamako ne za a kira nasara. Amfaninta shi ne mai saye ba zai dogara da bakin mai sayarwa ba, domin gani ya kori ji.

Ƙa'idar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce ta cibiyar bincike ta ma'aikatar shari'ar Amurka, wadda ake kira NIJ. An fitar da ta farko cikin 1972, domin 'yan sanda aka tsara ta, amma rundunonin soja na ƙasashe da yawa suna ambatonta a takardun sayen kaya. A wajen gwaji ana ɗaura rigar a jikin wani irin yumɓu, a harba mata harsashi shida a wurare daban-daban. Dole kada ko ɗaya ya huda. Bayan haka ana auna zurfin lotsawar da aka yi wa yumɓun, kada ta wuce milimita 44, domin riga na iya tare harsashi amma bugun ya karya haƙarƙari ko ya ji wa hanta rauni.

Ƙungiyar tsaro ta NATO tana da tata ƙa'idar, STANAG 2920, wadda ta fi kula da ɓarɓashin bam. Ana harba ɗan guntun ƙarfe mai nauyin giram 1.1, ana ƙara gudunsa ana ragewa, har a gano gudun da rabin harbin ke hudawa, rabi ba ya hudawa. Wannan adadi shi ake kira V50, kuma yawansa shi ne alamar ƙarfin rigar.

5. Darasin Zylon

Dalilin da ya sa ake sabunta ƙa'idoji ya fito fili a labarin Zylon, zaren da kamfanin Toyobo na Japan ya yi. Sabon zaren ya fi Kevlar ƙarfi, rigunansa ba su da nauyi, sun kuma ci gwajin da ake yi a lokacin, aka sayar da su da yawa a Amurka. Cikin Yuni 2003, a jihar Fensilbaniya, harsashin ƙaramar bindiga ya huda rigar wani ɗan sanda ya ji masa mummunan rauni, alhali rigar ba ta shekara ba, kuma an tabbatar a takarda cewa tana tare irin wannan harsashi. Bincike ya nuna cewa laima da zafi da haske suna raunana zaren da sauri. A rahoton da NIJ ta fitar cikin Agusta 2005, daga riguna 103 da aka yi amfani da su aka gwada, 60 harsashi ya huda. Cikin 2018 kamfanin ya amince ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 66 domin a kashe maganar.

Kuskuren tsohuwar ƙa'ida shi ne sabuwar riga kaɗai take gwadawa, alhali soja ba ya sa sabuwar riga sai a ranar farko. Don haka ƙa'idar da aka fitar cikin 2008 ta ƙara sharaɗin tsufar da riga da gangan: a sa ta cikin wata ganga mai juyawa har kwana 10, juyi 72,000, cikin zafin digiri 65 da laima kashi 80 cikin ɗari, sa'an nan a harbe ta. Ana kuma nutsa wasu cikin ruwa na minti 30 kafin harbi. A ƙarshen 2023 an sake fitar da sabuwa, wadda ta sauya sunayen matakai. A da ana cewa IIA, II, IIIA, III da IV, abin da ke rikita masu saye, domin IIIA ba ta kai III ƙarfi ba. Yanzu HG1 da HG2 na ƙananan bindigogi ne, RF1 zuwa RF3 na manya. Har ila yau ta inganta gwajin rigunan mata, waɗanda ɗinkinsu ya bambanta a ƙirji.

6. Wuta da zafi da nauyi

Harsashi ba shi kaɗai ne abin tsoro ba. A yaƙin tsibiran Fokland tsakanin Ingila da Ajantina cikin 1982, an ga yadda tufafin zaren roba ke narkewa su manne wa fatar sojojin ruwa in jirgi ya kama wuta, ƙunar ta ƙara muni. Cikin 2006 rundunar kundumbalar ruwan Amurka a Iraƙi ta hana sojojinta sa singiletin foliyesta da nailan in za su fita sintiri, saboda wannan dalili. Ƙa'idojin zamani suna gwada yadi da harshen wuta, a auna daƙiƙoƙin da ya ci gaba da ci bayan an janye wutar, da tsawon wurin da ya ƙone, a kuma duba ko ya ɗiga.

Sai maganar nauyi. Cikakkiyar rigar sojan Amurka da faya-fayenta tana kai wajen kilo 14, ban da hula da bindiga da harsasai da ruwan sha. Riga kuma tana hana gumi bushewa a ƙirji da baya. A Maiduguri ko Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40, sojan da aka ɗora wa wannan kaya na iya galabaita kafin ya ga abokin gaba, ko kuwa ya tuɓe rigar ya ajiye a mota. Rigar da aka tuɓe kuwa ba ta kare kowa. Shi ya sa ake auna yadda yadi ke barin tururin gumi ya fita, ana kuma yin riguna girma-girma domin su dace da jiki, kada a bar gibi a hammata ko kwiɓi.

7. Abin da ya rataya a wuyan ma'aikata

Nijeriya tana da hukumomin da wannan aiki ya shafa. An kafa kamfanin ƙera kayan tsaro na DICON a Kaduna cikin 1964, an kuma kafa hukumar kula da ingancin kaya, wadda yanzu ake kira SON, da dokar 1971. Kaduna ta taɓa zama cibiyar masaƙu tun daga 1957, kodayake akasarinsu sun rufe a farkon wannan ƙarni. Ko an saƙa a gida ko an sayo daga waje, hakkin da ke kan ma'aikaci ɗaya ne.

Na farko, takardar kwangila ta ambaci sunan ƙa'ida da mataki, kada a rubuta "riga mai inganci" a tsaya nan. Na biyu, a nemi sakamakon gwaji daga ɗakin bincike wanda ba na mai sayarwa ba. Na uku, in kaya sun iso, a zari wasu daga cikin kowane kashi a harbe su, domin samfurin da aka nuna a ofis ba lalle ne ya zama daidai da abin da ke cikin akwati ba. Na huɗu, a kula da ajiya. Kevlar ba ya son hasken rana, kuma ƙarfinsa yana raguwa in ya jiƙe, don haka ake rufe shi cikin jakar da ruwa ba ya shiga. Dyneema ba ya son zafi mai tsanani, domin yana narkewa wajen digiri 150. Faifan tangaran in ya faɗi ƙasa yana iya tsagewa a ciki ba a gani ba, sai an haska shi da na'urar hoton ƙashi. Na biyar, a rubuta ranar da aka yi kowace riga, domin galibin kamfanoni shekara 5 suke ba da lamuni a kan rigar zare. Mai neman rahusa a nan ya tuna cewa araha ba ta ado.

8. Kammalawa

Madunkin lifidi ya san mahayin da zai sa ɗinkinsa, in aikin ya ɓaci, gari duka zai ji. A yau mai saƙa zaren yana wata nahiya, mai ɗinki yana wata, mai saye yana ofis, mai sawa kuma yana daji, ba wanda ya san wani. Ƙa'idar inganci ita ce ta maye gurbin wannan sanayya, kuma labarin Zylon ya nuna cewa ita kanta tana bukatar gyara duk lokacin da aka gano gibi. Abin da ya rage shi ne jami'o'i su horar da masana zare da saƙa, a kafa ɗakunan gwaji waɗanda za su auna kaya da zafi da ƙura da daminar wannan ƙasa, a kuma yi haka tun ana zaune lafiya, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.