Yadda Kuɗin Fansa Ke Shiga Littafin Kamfani

A ƙarshen watan Agusta na 2021 Gwamnan Jihar Katsina na wancan lokaci, Alhaji Aminu Bello Masari, ya ba da umurnin dakatar da cinikin dabbobi a waɗansu kasuwannin jihar, har da ta Charanchi wadda mutanen Kankiya da Kusada ke ci. Umurnin ya kuma hana safarar shanu a manyan motoci da sayar da man fetur a jarka. Manufa ita ce a toshe hanyar da ɓarayin daji ke mai da shanun sata kuɗi. Hausawa sun ce ba ɓarawon tsaye sai da na zaune, kuma na zaunen a yau yakan kasance mai kamfani ne mai rajista, da hatimi, da akanta.

Dalili kuwa shi ne kuɗin fansa da na shanun sata tsaba suke zuwa, a buhu. Mai su ba ya iya shiga banki da su kai tsaye, domin dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta wa bankuna su kai rahoton duk wata hada-hadar da ta haura Naira miliyan 5 ga mutum ɗaya, ko miliyan 10 ga kamfani, zuwa ga hukumar NFIU. Saboda haka sai a nemi sana'ar da aka san ta da cinikin tsaba kullum, watau irin su gidan mai, ko otal, ko fataucin hatsi, a riƙa zuba kuɗin kaɗan-kaɗan cikin cinikinta.

A ɗauki misalin gidan mai a kan hanyar Kano zuwa Katsina, wadda ta bi ta Kankiya. Littafinsa ya nuna an sayar da lita 90,000 a wata guda. Mai binciken kuɗi da ya san aikinsa ba zai tsaya kan wannan shafi ba. Zai nemi takardun daffo, ya ƙirga tankokin da aka sauke. In tanka biyu ce, kowacce lita 33,000, kuma ba ragowar mai daga watan baya, to an sayar da lita 24,000 da ba a taɓa sayowa ba. Daga nan sai ya duba mitar famfo, ya auna abin da ya rage a rijiyar mai, ya duba albashin masu ba da mai ko ya yi daidai da irin wannan ciniki. Rasit abu ne mai sauƙin bugawa, amma da wuya a sa daffo da direba da mita su yi ƙarya iri ɗaya.

Haka abin yake ga ɗan kasuwar hatsi da ya rubuta ya kai buhu dubu Dawanau, alhali ba kuɗin dako, ba ladan 'yan lodi, ba hayar sito. Akwai kuma bashin da darekta ke yawan "ranta" wa kamfaninsa ba tare da yarjejeniya a rubuce ba, da ajiyar da kullum ke tsayawa ƙasa kaɗan da iyakar rahoto. Abin mamaki, irin waɗannan kamfanoni sau da yawa ba su wasa da biyan haraji, don takardar haraji ita ce shaidar da suke nema cewa kuɗin halal ne.

Fakewa bayan kamfani ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Dala miliyan 311 da aka maido wa Nijeriya a 2020 daga tsibirin Jersey, cikin kuɗin da aka danganta da marigayi Janar Sani Abacha, an same su ne a asusun wani kamfani mai suna Doraville Properties. Don magance irin wannan ne dokar kamfanoni ta 2020 ta tilasta bayyana ainihin mai iko da kowane kamfani, kuma a 2023 hukumar rajistar kamfanoni ta buɗe kundin sunayensu. A Fabrairun shekarar ne ƙungiyar FATF ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido, sai a Oktoban 2025 ta cire ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙananan garuruwa. Yawancin cinikin kara da na hatsi da baki ake yin sa, dillali ne shaida, ba a rubuta komai. Akanta kuwa albashinsa a hannun mai kamfani yake, wataƙila ma surukinsa ne ko maƙwabcinsa. Duk da haka doka ba ta yi masa uzuri ba. Kamfanonin akantoci da masu binciken kuɗi suna ƙarƙashin sashen SCUML na hukumar EFCC, kuma wajibi ne su kai rahoton abin da suka yi shakka a kansa. Wanda kotu ta samu da hannu cikin halatta kuɗin haram yana iya shan ɗaurin shekara 4 zuwa 14.