Bayan fiɗar hanjin jariri, a sa ido

Cikin jarirai kamar 5,000 akan sami ɗaya da aka haifa ba dubura. Akwai kuma wanda duburarsa ƙalau take, amma ƙarshen hanjinsa ba shi da jijiyoyin da ke tura kashi, cutar da wani likitan ƙasar Danmak, Harald Hirschsprung, ya bayyana a 1886. Ba maita ba ce, ba laifin uwa ba ne. Jaririn da ya kwana biyu bai yi baƙin kashin farko ba, cikinsa ya kumbura, yana koren amai, a kai shi gidan likita nan take.

Maganin abin fiɗa ne. Daga Agiye, Gazawa ko Gidan Rumji, akan tura yaro Maraɗi, wani lokaci har Damagaram ko Yamai. Sau da yawa likita kan fara buɗe wa kashi ƙofa a gefen ciki, bayan watanni ya gyara hanyar, sannan ya rufe ƙofar.

Yawancin yara suna warkewa. Amma wasu kan gamu da matsala bayan an koma gida.

Hanji kan zazzago ta ƙofar nan. In ja ne, a rufe shi da tsumma mai tsabta da aka jiƙa da tafasasshen ruwa da ya huce, a nufi likita. In ya soma baƙi, jini ya daina isa gare shi, ko da tsakar dare ne a tashi. Kada a barbaɗa toka ko garin magani.

Mafi ruɗarwa shi ne kumburin hanji da ke kama masu cutar Hirschsprung, ko da an gama aiki. Yaro ya yi masassara, ciki ya cika, zawo mai ɗoyi ya ɓarke. Da damina, ana tsakiyar noman gero da aya, sai a ce sauro ne ko haƙori, a jira ranar kasuwa a sami mota. Wannan jiran kan kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu.

Akwai kuma tabon ciki da ke iya shaƙe hanji ko bayan shekaru, alamarsa koren amai da tsayawar kashi. Don haka takardar da likitan fiɗa ya bayar a adana ta, a riƙa nuna ta duk inda aka kai yaron.