Burauza Da Yawa, Inji Uku Kacal

Duk wanda ya sayi sabuwar wayar Android, ko a Farm Centre ta Kano ko a babbar kasuwar Yamai, zai kunna ta ya tarar da Chrome a zaune yana jiransa. Ba shi ya ɗora ba, ba kuma wanda ya tambaye shi. Yawancinmu da wannan burauza za mu yi ta shiga intanet har wayar ta tsufa. Da wuya mutum ya tsaya ya tambayi kansa wa ya yanke masa wannan shawara, kuma me mai yankewar yake samu.

Kafin a je ga amsa, ya kamata a san aikin burauza tukuna. Shafin intanet ba hoto ba ne da ake aiko maka gamamme. Abin da ke isowa wayarka rubutattun umarni ne cikin harsunan kwamfuta uku: HTML na faɗin abin da ke cikin shafin, CSS na faɗin tsari da launi da girman rubutu, JavaScript kuma na tafiyar da duk abin da ke motsi ko amsa taɓawarka. A cikin kowane burauza akwai wani sashe da ake kira inji, shi ke karanta umarnin nan ya gina shafin a fuskar wayarka kafin ƙiftawar ido. Suna da tambari da maɓallan da kake gani duk riga ce. Injin ne ke yanke abin da shafi zai iya yi da wanda ba zai iya ba.

To, a yau manyan injuna uku ne suka rage a duniya. Akwai Blink na Google, akwai WebKit na Apple, akwai Gecko na Mozilla. Chrome da Edge da Opera da Brave da Vivaldi da Samsung Internet duk kan Blink suke tafiya. Safari na kan WebKit. Firefox ne kaɗai sanannen burauza da ke kan Gecko. A wayar iPhone lamarin ya fi haka tsauri, domin a yawancin ƙasashe Apple na tilasta wa kowane burauza amfani da WebKit, saboda haka Chrome ɗin da ke kan iPhone injin Safari ne a cikinsa. Mutum zai buɗe ma'ajiyar manhajoji ya ga burauza birjik ya ɗauka zaɓi ya yi yawa, alhali kusan duk abu guda ne a ciki.

Ba da wannan niyya aka kafa shafukan intanet ba. Tim Berners-Lee, Bature ɗan Ingila, ya gabatar da tsarin a 1989 yana aiki a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Janiba, kuma a watan Afrilun 1993 cibiyar ta saki fasahar kyauta ga kowa, ba lasisi ba kuɗin haya. A 1994 aka kafa ƙungiyar W3C don a riƙa zama ana amincewa da ƙa'idoji na bai ɗaya, yadda shafin da aka rubuta a Zariya zai buɗe daidai a kowace na'ura a Tokyo, ko wane kamfani ne ya ƙera burauzar. 'Yancin ya ta'allaƙa ne a nan: ba ka neman izinin kowa kafin ka kafa shafi, ba ka neman izinin kowa kafin ka karanta. Ƙa'idojin nan su ne mudun kasuwa. Muddin masu sayarwa na da yawa, kowa na sa ido kan mudun kowa. Ranar da mutum ɗaya ya mallaki mafi yawan hatsin, abin da ya auna da shi ne zai zama mudu, ko da sarkin kasuwa ya rubuta wani abu dabam a takarda.

An taɓa ganin haka. A tsakiyar shekarun 1990 burauza mai suna Netscape ne ke jan zarensa. Sai Microsoft ya fito da Internet Explorer a 1995, ya cusa shi cikin Windows kyauta, ya kuma matsa wa masu ƙera kwamfuta lamba. Gwamnatin Amurka ta kai ƙara a 1998, alƙali Thomas Penfield Jackson ya ba da umarnin a raba kamfanin biyu a 2000, kotun ɗaukaka ƙara ta soke rabawar a 2001. Kafin shari'a ta ƙare Netscape ya riga ya durƙushe, Internet Explorer ya haye kashi 90 cikin ɗari na masu amfani. Abin da ya biyo baya shi ne darasin. Microsoft ya fitar da Internet Explorer 6 a 2001, bai sake fitar da sabo ba sai 2006. Shekara biyar duniya na fama da burauza mai cike da kafofin da ɓarayin intanet ke bi, masu gina shafuka kuma suka koma rubuta wa kurakuransa maimakon bin ƙa'ida. Koriya ta Kudu ta fi kowa ɗanɗana kuɗarta: ta gina harkar banki da sayayya ta intanet kan ActiveX, fasahar da Internet Explorer kaɗai ke ɗauka, har aka shafe shekaru fiye da goma ɗan ƙasar ba ya iya tura kuɗi cikin sauƙi da wani burauza dabam.

Daga tokar Netscape aka samu Mozilla, wadda ta fitar da Firefox a Nuwamban 2004, gasa ta farfaɗo. Chrome ya zo a Satumban 2008, kuma gaskiya ɗaya ce, ya zo da inganci: ya fi sauri, ba ya yawan sandarewa, yana sabunta kansa. Google ya kuma buɗe tushensa, Chromium, ga duk mai son ɗauka. Amma kula da inji aiki ne na ɗaruruwan injiniyoyi da maƙudan kuɗi kowace shekara. Opera ya ajiye nasa injin a 2013 ya koma Chromium. Microsoft da kansa ya sanar da yin haka a ƙarshen 2018. Yanzu kusan kashi biyu cikin uku na masu shiga intanet a duniya da Chrome suke shiga, ban da sauran da ke ɗauke da injinsa.

Inganci kaɗai bai kai shi nan ba. Kamfanonin nan sun san ɗan Adam ba ya canza abin da ya tarar an saita masa, kuma suna biyan kuɗi daidai da wannan sanin. A shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google an bayyana cewa a 2021 kamfanin ya kashe sama da dala biliyan 26 don manhajar bincikensa ta zama ita ce saitacciya a wayoyi da burauzoji, kuma Apple kaɗai ya karɓi kimanin dala biliyan 20 a 2022. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa Google ya yi kaka-gida a harkar bincike ba bisa doka ba. Gwamnati ta nemi a tilasta masa sayar da Chrome, alƙalin ya ƙi a Satumban 2025, sai dai ya hana yarjejeniyoyin da ke toshe wa wasu hanya. Abin da ya fi damuna a duk lamarin shi ne halin Mozilla. Mafi yawan kuɗin shigarta daga irin wannan biya na Google yake fitowa. Injin da ya rage mai zaman kansa, abokin hamayyarsa ne ke ciyar da shi.

Mai karatu zai iya cewa, to ni ina ruwana, tunda shafi na buɗewa? Ruwanka shi ne Google kamfanin talla ne, daga talla yake samun mafi yawan kuɗinsa, kuma shi ke riƙe da ƙofar da tallan ke shigowa. Daga 2024 Chrome ya fara kashe ƙananan manhajojin da ake liƙa masa waɗanda aka gina kan tsohon tsarinsa, ya koma wani sabo mai suna Manifest V3. Google ya ce don tsaro da sauri ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da uBlock Origin, fitacciyar manhajar toshe talla, wadda har yanzu take aiki da cikakken ƙarfinta a Firefox. Ga wanda ke sayen data kaɗan-kaɗan, kowane bidiyon talla da ya buɗe kansa kuɗinsa ne ke ƙonewa. Dalilin da ya sa Opera Mini ya yi farin jini a Najeriya ke nan tun zamanin ƙananan wayoyin Nokia: yana matse shafi a kwamfutocin kamfanin kafin ya turo maka. Buƙatar mai ƙaramar waya da raunin sabis ba ita ce ke gaban injiniyan da ke zaune a Kalifoniya ba, sai in gasa ta tilasta masa. A 2023 ma wasu ma'aikatan Google sun kawo shawarar da za ta bai wa shafuka damar tantance burauza da na'urar mai ziyara kafin su buɗe masa. Mozilla da Brave da Vivaldi suka yi ca, aka janye shawarar a Nuwamban shekarar. An janye ne domin akwai sauran masu murya a wurin.

Tarayyar Turai ce ta fi kowa ƙoƙarin taɓa tushen matsalar. A 2010 ta sa Microsoft ya riƙa nuna wa masu Windows jerin burauzoji su zaɓa, da ya daina nunawa ta ci shi tarar yuro miliyan 561 a 2013. Daga Maris 2024 sabuwar dokarta ta kasuwannin dijital ta sa masu iPhone da Android a can suna ganin irin wannan jeri, Apple kuma ya halatta wasu injuna ban da WebKit, ko da yake da sharuɗɗa masu nauyi. Wannan kariya ba ta iso wajenmu ba. Wayar da ta sauka Legas ko Kwatano ba ta tambayar mai ita komai.

Saboda haka a wajenmu aikin ya koma hannun mutane biyu. Mai waya na iya sauke Firefox ko wani burauza, ya shiga saitin waya, sashen manhajoji, ya mayar da shi wanda zai riƙa buɗe duk adireshin da aka turo masa. Abin bai kai minti biyu ba. Na biyun, kuma nauyinsa ya fi, shi ne mai gina shafi. Matasanmu da ke haɗa wa makarantu da bankuna da ma'aikatu shafukan rajista da biyan kuɗi su gwada aikinsu a Firefox da Safari da ƙaramar waya mai arha kafin su miƙa shi. Duk shafin hukuma da ya rubuta wa ɗalibi cewa sai da Chrome zai iya cike fom ya mayar da burauzar kamfani guda sharaɗin samun haƙƙinsa, kuma wanda ya ba da kwangilar na da ikon ƙin karɓar aikin har sai an gyara.