Ina Hotunan Makaɗa Da Maƙeran Ƙasar Mubi?

Duk wanda ya tsaya a garin Mubi da hantsi ya ɗaga kai ya dubi gabas, zai hangi duwatsun Mandara sun yi jerin gwano sun miƙa arewa har ƙasar Gwoza. A gindin waɗannan duwatsu da bisansu akwai kabilu masu yawa, Fali da Gude da Higi da Margi da mutanen Sukur, ga kuma Fulani da Hausawa, kowa da irin kiɗansa da rawarsa da sana'ar hannunsa. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, an daɗe ana ɗaukar waɗansu daga cikin sana'o'in waɗannan duwatsu a fim, ana nuna su ga ɗalibai a jami'o'in Turai da Amurka, alhali kuwa a kasuwar Mubi sai mutum ya sha tambaya kafin ya sami wanda ya san da zamansu.

Irin fim ɗin da ake nufi a nan shi ne na zahiri, watau wanda ake bin mutum da na'urar ɗaukar hoto yana cikin aikinsa na hakika, ba ɗan wasa aka ba shi rawa ya taka ba. Dattawa ba su manta da majigi ba, lokacin da motar Gwamnati kan zo da yamma a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna wa jama'a tsabta da noman auduga da hawan sarakuna. To, amma a waɗannan fina-finai makaɗi ƙawa ne kurum. Za a nuno shi yana bin doki da tambari ko algaita, kafin a ƙifta ido an wuce shi, ba a faɗi sunansa ba, balle a tambaye shi wanda ya koya masa.

Wani malamin Jami'ar Calgary ta ƙasar Kanada mai suna Nicholas David, wanda ya daɗe yana bincike a duwatsun Mandara, shi ne ya bi wata hanya dabam. Cikin 1986 ya sami wani tsohon maƙeri ɗan kabilar Mafa a ɓangaren Kamaru, kusa da Mokolo, ana ce da shi Dokwaza. Kada mai karatu ya ga an tsallaka iyaka ya ce an bar zancen gida, domin dutsen ɗaya ne, sana'ar ma ɗaya ce, iyakar Turawa ce kawai ta ratsa tsakani. Dokwaza ya yarda ya sake gina murhun narkar da tama irin na iyayensa, aikin da aka bari shekaru da yawa, tun da tarkacen ƙarafan mota suka cika kasuwanni suka kashe wa masu narka ciniki. Fim ɗin, wanda aka sa wa sunan tsohon, ya fito cikin 1988.

Abin da ke cikinsa ya isa a tsaya a duba. Tamar wannan yanki baƙin yashi ne da ake wankowa daga rafi. Murhun kuma ya saɓa wa na sauran wurare, domin mai zuga-zugi a bisa yake zama, iska tana bin wani dogon bututun yumɓu tana gangarawa ƙasa cikin gawayi. Ana ganin yadda aka gina murhun, da yadda aka yi sadaka kafin a hura wuta, da yadda masu zuga suke karɓar juna sa'o'i da yawa hannu yana tafiya da amo kamar na kiɗa, har aka fito da curin ƙarfe, aka tace shi, aka ƙera fartanya. Da masana suka auna abin da ya fito, sai suka tarar har da ƙarfen zubi a ciki, irin wanda a da ake zaton murhun gargajiya na Afirka ba ya iya bayarwa. Wannan ilmi a hannun tsoho yake, ba a rubuce yake ko'ina ba.

Daga baya malamin, tare da abokiyar aikinsa Judith Sterner, suka zauna a Sukur, wadda ke bisa dutse cikin ƙaramar hukumar Madagali, arewa da Mubi in an wuce Michika. Sukur ta yi suna tun da wajen narkar da ƙarfe da cinikinsa, ga fadar sarkinta da ake kira Hidi wadda aka gina da duwatsu, ga hanyoyi da aka shimfiɗe da dutse, ga gonaki hawa-hawa a jikin tsauni. Sun ɗauki bikin shigar samari sahun manya, sun kuma yi wani fim da ya bi watanni 13 na shekarar mutanen Sukur, da aikin kowane wata da shagalinsa. Cikin 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, ita ce kuwa ta farko a Nijeriya da ta sami wannan matsayi.

Sai ga shekarar 2014. A ƙarshen watan Oktoba 'yan Boko Haram suka kama Mubi, jama'a suka watse, waɗansu Yola, waɗansu Kamaru, har sai tsakiyar Nuwamba aka ƙwato garin. Cikin Disamba kuma suka hau Sukur, suka kashe mutane, suka ƙone gidaje, fadar Hidi ma ba ta tsira ba. An koma an yi gyara, amma tun daga ranar waɗancan hotuna suka tashi daga kayan karatun ɗalibai suka zama shaida. Wanda ke son ya ga yadda garin yake kafin wuta, da fuskokin dattawan da suka riƙe al'adunsa, can zai duba.

In an juyo wajen kiɗa, nan ne asarar ta fi yawa, kuma ba ƙasar Mubi kaɗai ta shafa ba. Faifai da kaset sun adana muryar Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu 1999, da ta Barmani Choge, 2013, da ta Ɗan Maraya Jos, 2015. Sai dai kaset ba ya nuna yadda mai kalangu ke matse tsarkiya a hammata ya sa fata ta yi magana, ba ya nuna yadda Ɗan Maraya ke fitar da waƙa sukutum daga kuntigi mai tsarkiya ɗaya tak. Waɗannan manya sun ci sa'a, telebijin ya riske su. Makaɗan ƙauye fa? A ƙasar Bura, wajen Biu da Garkida, akwai abin kiɗa da ake kira tsinza, itatuwa ne ake jerawa, ƙarƙashin kowanne a ɗaura ƙahon sa, a liƙe bakin ƙahon da yanar gizo-gizo don amon ya riƙa zuza. Wanda bai ga an haɗa ta ba, ko ya saurari kaset ɗari ba zai iya haɗa ta ba.

Ba kuma lalle sai da kuɗi masu yawa ba. Cikin 1971 Bafaranshen nan Jean Rouch, wanda ya rasu cikin hatsarin mota kusa da Birnin Konni a 2004, ya shiga ƙauyen Simiri a Jamhuriyar Nijar da na'urarsa a kafaɗa, ya ɗauki masu kaɗa waɗansu tsofaffin ganguna biyu, turu da bitti, wajen wani wasa irin na bori. Ɗauka ɗaya ya yi ba yankewa, wajen minti goma, har yanzu kuwa ana koyar da fim ɗin a makarantun sinima.

Akwai masu ƙorafi, kuma maganarsu abin ji ce. Waɗansu na cewa baƙo ya zo ya ɗauka ya tafi ya yi suna, mai sana'a an sallame shi da goro. Waɗansu kuma na ganin yawancin bukukuwan nan suna haɗe da tsafi, mutanen da suka musulunta ko suka shiga Kirista ba su son a tono abin da suka bari. Na farko gyaransa a yi yarjejeniya, a faɗi sunan mai sana'a, a biya shi, a bar masa kwafi. Na biyu kuwa, adana hoton abin da kaka ya yi ba komawa gare shi ba ne, kamar yadda ajiye takobinsa ba shirin yaƙi ba ne.

Ɗauka ma rabin aiki ce, saura ajiya. Marigayi Adamu Halilu, haifaffen Garkida a wannan jiha ta Adamawa, ya yi fina-finan zahiri masu yawa kafin ya shirya "Shaihu Umar" cikin 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Duk da girman wannan aiki, sai da ya ɓace wa jama'a shekaru da dama, kafin a gano shi cikin tsofaffin gwangwanayen fim, a kai shi Jamus a gyara, a nuna shi a bikin fina-finai na Balin cikin 2018. In haka ta sami fim ɗin da ya fito daga littafin Firayim Minista, sai a auna abin da ya sami hoton mai goge ko mai gina tukunya, musamman da yake a zamanin tsadar kaset an saba goge tsohon shiri a ɗora sabo.

Mubi tana da manyan makarantu, irin su Kwalejin Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, cike da samari da 'yan mata masu wayar da ta fi na'urar Rouch fitar da hoto. Abin da aka fi ɗauka da ita shi ne guntun rawar biki, a tura wa abokai, wayar ta lalace ya tafi da ita. Bukatar ita ce ɗalibi ya zauna da makaɗi guda tun daga jimar fata har ranar wasa, ya rubuta suna da gari da kwanan wata, ya tambaye shi da harshensa, sa'an nan a ajiye kwafi a laburaren makaranta, da fadar hakimi, da ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa da ke Jos. Haka nan ya kamata hukumomin makarantun su nemi kwafin fina-finan Sukur da na Dokwaza, a sa musu fassarar Hausa da Fulatanci, a kafa farin ƙyalle a Gulak da Michika da Mubi bayan girbi, a nuna wa masu abin.