Kiɗa da Hannun da Ya Shanye

A Barkiya da sauran garuruwan da ke tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, idan hawan jini ya kayar da dattijo ɓarin jikinsa ya shanye, ƙafa ce ke fara dawowa. Bayan 'yan watanni sai ka gan shi yana dogara sanda zuwa masallaci, amma hannun na nan a maƙale a ƙirji, yatsu a dunƙule. Da shi ake cin tuwo, da shi ake alwala, da shi ake riƙe fartanya, kuma a kansa ake fara fid da rai.

Alhali ciwon ba a hannun yake ba. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, sashen da ke ba hannun umarni ya lalace. Ƙwaƙwalwa kuwa tana iya buɗe sabbin hanyoyi ta kewaye wurin da ya mutu, musamman a watanni ukun farko, amma sai an maimaita motsi ɗaya sau ɗaruruwa. A nan majinyaci ke karaya. Wa zai jure buɗe yatsu da rufewa kullum, bai ga komai ba, bai ji komai ba?

A 2007 wasu masu bincike a Jamus, ciki har da Eckart Altenmüller na birnin Hannover, suka zaunar da irin waɗannan majinyata gaban gangunan lantarki da fiyano, zama 15 cikin mako uku. Kowane bugu na fitar da sauti nan take, kunne ya shaida wa ƙwaƙwalwa ko hannu ya dace ko ya kuskure. Waɗanda aka ƙara wa wannan a kan gashin ƙashin da aka saba sun fi sauran saurin motsi da daidaito. Daga baya, a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka, aka ƙera safar hannu mai suna MusicGlove. Majinyaci na haɗa babban yatsa da sauran yatsu daidai da kiɗa, kwamfuta na ƙirga masa. Yawancin gwaje-gwajen kan mutane kaɗan aka yi su, don haka taimako ne ga gashi, ba madadinsa ba.

Manomin Barkiya ba zai sayi wannan safa ba, ga tsada ga rashin wuta. Amma abin da ke aiki a cikinta ba baƙo ba ne a wurinmu. Matan da ke lugude sun daɗe da sanin cewa hannu ba ya saurin gajiya idan yana bin kari, ƙwaryar da marigayiya Barmani Choge ta yi suna da kiɗanta kuwa babu gidan da ba ta. A kifa ta, jika ya buga sau ɗaya, kaka ta amsa da hannun da ya shanye, ko da lafiyayyen ne zai tallafa masa. Gidan da ba a son kiɗa, tafi ya isa.

Ina fata likitocin gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina su riƙa koya wa dangi wannan kafin sallama, su tsara yawan bugun da ya dace da kowane majinyaci. Su kuma ja kunne: ba a fizgar hannun, domin kafaɗar da ta saki tana saurin gocewa, ba a ba shi taɓarya, kuma ba a daina shan maganin hawan jini don an ga yatsa ya motsa.