Kiwon dabbar daji a cikin gida: abin da labarin dingo yake koya mana



'Yan uwa, a wayoyin matasanmu yanzu ba a rasa bidiyon wani yana rungume da ɗan zaki a falo, ko yana shafa kan wani jan kare da ake kira dingo kamar kyanwar gida. Daga nan sai tambaya ta taso: in mutum ya samu ɗan dabbar daji tun yana jariri ya raine shi, ba zai zama na gida ba? Kuma mene ne hukuncinsa a shari'a? Bari mu fara da dingon, domin mutanen ƙasarsa sun riga sun gwada abin da ake tambaya.

Dingo karen daji ne na ƙasar Ostireliya. Masana sun ce ya shiga can tare da matafiya ta ruwa daga Asiya fiye da shekara 3,000 da suka wuce, daga baya ya koma daji yana farautar kansa. In ka gan shi za ka rantse irin karnukan nan ne na ƙauye: ja-ja, siriri, kunnuwa a tsaye, nauyinsa bai cika wuce kilo 20 ba. Kamar ce kawai. Haushinsa kaɗan ne, kuka ya fi yi mai tsawo da dare. Macen sau ɗaya take haihuwa a shekara, kuma in lokacin barbara ya zo ko wanda aka raina a gida hankalinsa yakan tashi, ya dinga neman hanyar fita. Yana haƙa ƙarƙashin katanga, yana hawa shinge, an ma ga masu buɗe sakatar ƙofa. Yakan saba da mutum ɗaya ko biyu, amma baƙo, ko yaron maƙwabci, ko tunkiyar layya da aka ɗaure a tsakar gida, ba su shiga cikin wannan sabon ba.

Barnarsa ga tumaki ce ta sa aka kafa shingen waya mai tsawon fiye da kilomita 5,000 don raba shi da wuraren kiwo. A watan Agusta na 1980, kusa da dutsen Uluru, dingo ya shiga tanti ya ɗauke jaririya 'yar mako tara. Mutane da yawa suka ƙi yarda cewa dabba mai kama da kare za ta yi haka, har aka ɗaure uwar a 1982 da laifin kashe 'yarta. An sake ta a 1986, kuma sai a 2012 binciken kotu ya tabbatar cewa dingo ne. A 2001 kuma dingo suka kashe yaro ɗan shekara 9 a tsibirin Fraser, wurin da masu yawon buɗe ido suka saba ba su abinci har tsoron mutum ya fita daga ransu. A lura da wannan sosai: sabo da mutum shi ya ƙara haɗarin. Yau jihar Kwinsland ta hana mutum ya ajiye shi a gida, wasu jihohin kuwa sai da takardar izini da keji mai ƙarfi.

Mu ba mu da dingo a Kamaru, amma muna da nasa a gida. Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san gardawa masu wasa da kura, suna yawo kasuwa-kasuwa da ita da gogon biri da mesa, suna sayar da magani. Waɗannan sana'ar gado ce a wurinsu, sun san dabbar fiye da kowa. To amma ku dubi yadda suke riƙe ta: takunkumi a baki, sarƙa mai kauri a wuya, kulki a hannu. Da raino yana canza hali, da gardi ne zai fara cire takunkumin. Kura kan wuce kilo 60, muƙamuƙinta yana fasa ƙashi. Hali zanen dutse ne. Haka ɗan biri da ake kawowa daga daji a ɗaure a bayan ɗaki: yana ƙarami abin wasan yara ne, ran da ya balaga sai cizo.

Ta ɓangaren shari'a, ko karen gida ba a sake wa mutum hanya haka kawai ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kowace rana. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ɗalibanmu suke karantawa, a kan haka take. Malamai da dama sun haɗa da gadin gida in akwai buƙata ta gaskiya, kuma masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa Ibnu Abi Zaid ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi yana jin tsoro, da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik sai ya nuna cewa da Malik ya ga zamaninsu da zaki zai ajiye. Wasu kan kafa hujja da wannan magana. A ganina sun ɗora mata abin da ba ta ɗauka ba: malamin yana kwatanta tsananin lalura ne, kuma abin da ya ajiye kare ne. Dingo ko kura ba sa gadi, ba sa kora garke, ba sa kamo wa mai su abin farauta. Babu ɗaya daga cikin dalilan izinin da ya hau kansu, sai sha'awa da son a ce wane.

Akwai kuma hadisin dabbobi biyar masu cutarwa da aka yarda a kashe ko a cikin harami, cikinsu har da kare mai cizo. A Muwaɗɗa Imamu Malik ya faɗaɗa ma'anarsa zuwa duk abin da ke afka wa mutane ya tsorata su, kamar zaki da damisa da kyarkeci.

Inda abin ya fi nauyi shi ne lamuni. A littattafan Malikiyya, wanda ya ajiye kare mai cizo a wurin da ba a ba shi izini ba, abin da ya ɓata yana wuyansa. In a wurin izini ne, aka yi masa kashedi bai ɗauki mataki ba, nan ma yana wuyansa, kuma in rai ya salwanta maganar diyya ake. Yanzu ku dubi yadda muke zaune a Briqueterie da Madagascar: gida ɗaya iyali uku ko huɗu, tsakar gida ɗaya, ƙofa a buɗe, yara na shiga suna fita daga asuba zuwa isha'i. Wa zai iya cewa ya tsare haƙƙin maƙwabci da irin wannan dabba a ɗaure bakin rijiya? Ita ma dabbar tana da nata haƙƙin. An ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Dabbar da Allah Ya halitta tana cin kilomitoci a dare ɗaya, a ce rayuwarta duka a tsawon sarƙa!

Dokar ƙasa ma ba ta bar shi ba. An kasa dabbobin daji aji uku, A da B da C, kuma riƙe mai kariya ba tare da izinin ma'aikatar gandun daji da namun daji ba laifi ne da kan kai ga tara da ɗauri. Wanda irin wannan dabba ke hannunsa ya tuntuɓi ma'aikatar. Waɗanda aka karɓe akan kai su gidan namun daji na Mvog-Betsi a nan Yawunde, birai kuma wurin kula da su na Mefou. Kada a kwance ta a unguwa, domin wadda ta saba da mutum ba ta gudunsa.

Sai wani haɗarin da Ostireliya ba ta da shi mu muke da shi, wato cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunta suka bayyana, kusan babu mai tashi. Saboda haka wanda ya ajiye kare don gadi ya yi masa allurar rigakafi wurin likitan dabbobi, ya ɗaure shi da rana. In kare ko biri ko dila ya ciji yaro, ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, kada a ɗinke, kada a tsaya shafa magani ana jiran a ga yadda za ta kaya. A kai shi asibiti ko Centre Pasteur a ranar, domin a fara masa allura.